Daga hanji zuwa hanta: nazarin lamarin wani manomin shinkafa a ƙasar Argungu

Majinyacin da wannan nazari ya shafa manomin shinkafa ne mai shekara 54, daga ɗaya daga cikin ƙauyukan fadamar da ke tsakanin Argungu da Augie, kuma an ɓoye sunansa da na ƙauyensu kamar yadda iyalinsa suka nema. An yi masa tiyata an cire masa ƙarin daji daga babban hanji a lokacin da hoton ciki da hannun likita duka suka shaida cewa hantarsa lafiya lau take. Bayan wata 11 sai ga ƙari biyar a cikin hantar. Ranar da aka nuna wa yayansa hoton, ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ɗago ya ce, "Likita, mu dai tun can mun ji ana cewa in ƙarhe ya taɓa daji watsuwa shikai. Ko aikin ga ne ya watsa mai shi?" Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, kuma ba a iya amsa ta sai an dubi jikin da ciwon ya zauna a ciki kamar yadda ake duban ciwon kansa.

Yadda ciwon ya faro

Kusan wata 10 kafin ya zo asibiti ya fara ganin jini a bayan gida, wani lokaci ja, wani lokaci gauraye da majina. Ya ɗauka basir ne, kamar yadda kusan kowa zai ɗauka a yankin, ya sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya je kemis aka haɗa masa Flagyl da wasu ƙwayoyi bisa zaton atuni ne. Jinin yakan ɗauke mako biyu ko uku sannan ya dawo, ɗaukewar nan kuwa ita ce ta riƙa kwantar masa da hankali cewa magani yana ci. A hankali bayan gidan ya sirance, yakan yi kwana uku bai zaga ba, wandonsa ya yi masa yawa. Matarsa ta ce abin da ya fara tayar mata da hankali shi ne ranar da ya ja igiyar injin ban-ruwa sau uku ya zauna a bakin kwami yana haki, mutumin da a da shi ke tayar wa maƙwabta nasu.

An kawo shi cikin zafin bazara, ana tsakiyar yankan shinkafar rani, ciki ya kumbura kamar ganga, kwana huɗu babu bayan gida babu tusa, yana ta amai. Awon jini ya nuna himogulobin 7, alhali namiji mai lafiya yana da 13 zuwa sama. Albumin, wato furotin ɗin da hanta ke sarrafawa wanda ake auna ƙoshin jiki da shi, ya yi ƙasa sosai. An kuma gano yana ɗauke da cutar hanta nau'in B ba tare da ya sani ba, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin binciken ƙasa na 2018 ya sami kusan mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Hoton ciki ya nuna hanji ya toshe a ɓangaren hagu na ƙasa, hanta kuwa babu komai a cikinta.

A irin wannan hali, hanyar da ta fi aminci ita ce a yanke inda ƙarin yake, a fito da bakin hanjin ta gefen ciki a liƙa jaka, a bar haɗa hanjin sai jiki ya murmure. Majinyacin ya ƙi. Ya ce ba zai iya tsayawa cikin sahu da najasa rataye a jikinsa ba, kuma ya fi son ya mutu da tsarkinsa. Aka bi ra'ayinsa, aka yanke aka haɗa hanjin nan take. A ganina a nan ne mu likitocinsa muka gaza, domin da an ɓata minti talatin an kira malamin da ya yarda da shi ya bayyana masa cewa fiƙihu ya daɗe da yi wa mai irin wannan lalura sauƙi, kamar yadda ya yi wa mai yoyon fitsari, da wataƙila ya amince. A kwana na shida zazzaɓi ya rufe shi, ciki ya ƙame, ɗinkin hanjin ya saki, ƙazanta ta zuba cikin ciki. Aka koma da shi ɗakin tiyata aka wanke cikin, aka fito da jakar da aka guje wa tun farko. Ya yi mako biyar a gadon asibiti, an ƙara masa leda huɗu ta jini, bakin aikin ya buɗe yana fitar da mugunya har bayan an sallame shi.

Sakamakon gwajin tsokar da aka cire ya tabbatar da daji irin wanda ke tasowa daga fatar cikin hanji. Ya ratsa bangon hanjin gaba ɗaya, ya kama kaluluwa 3 cikin 14 da aka cire, an kuma ga ƙwayoyinsa a cikin ƙananan jijiyoyin jini. Wannan mataki na uku ke nan cikin matakai huɗu na ciwon. Akwai wasu layuka biyu a rahoton da ba mu ba su muhimmanci ba a lokacin: cewa fiye da rabin ƙarin tauri ne irin na tabo, kuma ƙwayoyin garkuwar jiki da ke gefensa kaɗan ne ƙwarai.

A gida aka hana shi nama da kifi da ƙwai da duk wani abu mai maiƙo, bisa imanin cewa maiƙo yana hana ciwo warkewa kuma nama yana ciyar da daji. Mutumin da ke zaune a bakin gulbi, kifi na wucewa ta ƙofar gidansa kullum, ya yi wata biyu a kan koko da kunu. Kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, wanda ya kamata a fara cikin mako 8 bayan tiyata, bai samu ba sai a mako na 15, saboda ciwon da bai rufe ba, da ƙarancin jini, da neman kuɗi. An fara masa maganin ƙwayar cutar hanta tukuna, domin kemo yana iya tayar da ita, sannan aka ɗora shi a kan oxaliplatin ta jijiya duk mako uku da ƙwayar capecitabine. An tsara zagaye takwas, ya samu biyar, damina ta yi nisa, hanyar ƙauyen ta yanke, hannuwa da ƙafafuwa suka fara masa jin-jin kamar ana tsira allura. Da kaka ta wuce ya dawo da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Awon CEA, wani sinadari a jini da ake bibiyar dajin hanji da shi, wanda ya sauka bayan tiyata, ya sake hawa, hoton CT kuma ya nuna ƙari biyar a ɓangarorin hanta biyu.

Me ya sa hanta?

Rabin amsar yana cikin tsarin jijiyoyi. Jinin da ya fito daga hanji ba ya komawa zuciya kai tsaye, sai ya bi ta wata babbar jijiya ya shiga hanta a tace shi, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta wannan hanya yake zuwa. Saboda haka duk ƙwayar dajin da ta ɓalle daga babban hanji ta shiga jini, hanta ce zangonta na farko. Dajin da ke can ƙasan dubura ya ɗan bambanta, domin wani ɓangare na jinin wurin yana kauce wa hanta ya nufi zuciya, shi ya sa ya fi saurin bayyana a huhu. Wani masanin cututtuka na Amurka, James Ewing, ya tsaya a kan wannan bayani a 1928, yana ganin hanyar jini kaɗai ta isa ta bayyana inda daji ke sauka.

Amma tun a 1889 wani likitan tiyata na Landan, Stephen Paget, ya duba bayanan gawarwakin mata 735 da dajin nono ya kashe, ya ga cewa ciwon yana fifita wasu gaɓoɓi a kan wasu fiye da yadda yawan jinin da ke ratsa su zai bayyana. Ya kwatanta ƙwayar daji da iri, gaɓar da ta sauka a kai da ƙasa. An yi watsi da maganarsa shekaru da dama, sai a 1980 Ian Hart da Isaiah Fidler suka dasa tsokar huhu da ta ƙoda a jikin ɓeraye suka nuna cewa ƙwayoyin daji suna isa duka biyun, amma a tsokar huhun suke tsira. Gwaje-gwajen Fidler sun kuma nuna cewa cikin ƙwayoyin da suka shiga jini, waɗanda ke rayuwa har su kafa sabon ƙari ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Sauran gudun jini yana farfasa su, ko garkuwar jiki ta cinye su, ko su maƙale a wurin da bai karɓe su ba.

Da na zo yi wa yayan majinyacin bayani, ban sami misalin da ya fi ƙuduji ba, tunda shi dawa da gero yake nomawa a tudu. Irin ƙuduji yana iya kwanciya cikin ƙasa fiye da shekara goma bai motsa ba, kuma ba ya tsira sai saiwar dawa ko gero ta zo kusa ta fitar da wani sinadari da ke tashe shi, sannan ya fi yin ɓarna a gonar da ta gaji ta rasa taki. Manomin da ya ga furensa ja-ja a gonarsa bana ya san ba bana irin ya faɗo ba. Kafin in ƙarasa ya gyaɗa kai ya ce ai wannan sananne ne. Ƙwayoyin daji ma suna iya zama a hanta ɗaiɗai ko cikin ƙananan dunƙule da babu hoton da zai gan su, ba sa girma ba sa mutuwa, har ranar da yanayin wurin ya sauya. Wani bincike da Christina Curtis ta jagoranta a Jami'ar Stanford, wanda aka buga a 2019, ya bi sawun sauye-sauyen gado a ƙarin hanji da na inda ya yaɗu, ya ƙiyasta cewa a majinyata 17 cikin 21 irin ya riga ya tafi tun ƙarin farko bai kai girman da za a iya gano shi ba. Mutumin da ya yi wata 10 yana zubar da jini, wanda aka ga ƙwayoyin daji a jijiyoyinsa ranar da aka cire ƙarin, kusan tabbas hantarsa ta karɓi iri tun kafin ya ga ƙofar asibiti.

Ita kuwa hanta ƙasa ce mai sauƙin kai ga baƙo. Aikinta ne ta karɓi duk abin da hanji ya tsotso, abinci da gutsattsarin bakteriya, kuma da za ta tayar da yaƙi a kan kowane baƙon abu da mutum bai rayu ba, shi ya sa garkuwar jiki a cikinta take da haƙuri fiye da ta sauran gaɓoɓi. Ƙananan hanyoyin jininta suna da huji-huji, jini yana tafiya a hankali, ƙwayar daji tana samun damar maƙalewa ta ratsa. Akwai ƙwayoyin Kupffer masu gadi, waɗanda ke cinye da yawa daga cikin baƙin a farkon isowarsu, amma idan saƙonnin ƙarin suka yi musu yawa sukan juya su riƙa fitar da sinadaran da ke taimakon baƙon. Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke ajiye bitamin A, waɗanda idan aka tashe su sai su shiga saƙa zaren tabo, zaren nan kuwa shi ne shimfiɗar da ƙwayar daji ke kamawa. Tun 2005 ayyukan Rosandra Kaplan da David Lyden suka nuna cewa ƙari yana aika saƙonni ta jini, ya jawo ƙwayoyin ɓargo su taru a gaɓar da zai sauka, wato yana sharar gona tun kafin shuka.

Abin da rahoton gwaji ya faɗa ba mu saurara ba

Ƙarin daji ba ƙwayoyin daji zalla ba ne. A cikinsa akwai jijiyoyin jini, da ƙwayoyin garkuwa, da ƙwayoyin da ke saƙa nama da tabo, kuma dukansu na mai jikin ne, lafiyayyu ne a asali, ciwon ne ya sa su aiki. Ƙungiyar Eduard Batlle a Barcelona ta nuna a 2012 cewa wani sinadari mai suna TGF-beta, idan ya yi yawa a ƙarin hanji, yana umartar ƙwayoyin saƙar nan su fitar da abin da ke raya ƙwayar daji a kwanakinta na farko a hanta, lokacin da ta fi rauni. A 2018 suka ƙara nuna cewa sinadarin yana hana ƙwayoyin T, mayaƙan garkuwar jiki, kutsawa cikin ƙarin. Da aka kasa dajin hanji gida huɗu a 2015 bisa yanayin halittarsa, gidan da ya fi yawan wannan saƙa, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majinyata, shi ya fi yawan dawowa bayan tiyata. Layin da ya ce fiye da rabin ƙarin majinyacinmu tauri ne irin na tabo, wannan yake nufi.

Layi na biyu ya fi nauyi. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Paris suka ƙirga ƙwayoyin T a tsakiya da gefen ƙarin majinyata fiye da 400, suka ga cewa yawansu yana hasashen dawowar ciwon da kyau, har ya yi gogayya da matakin da aka saba dogara da shi. Mai ƙarin da mayaƙa suka yi wa ƙawanya yana iya daɗewa ko da ciwon ya ɗan yi nisa, wanda nasa ya zama fayau kuwa yana cikin haɗari ko da an cire shi tsaf. Ba a buƙatar na'ura mai tsada kafin a sami ɗan haske a kan wannan, domin mai duba tsoka yana ganinsa a gilashin da ya saba dubawa, kuma namu ya gani ya rubuta. Mu ne idonmu ya tsaya a kan lambar mataki da adadin kaluluwa. Da mun karanta layukan nan biyu yadda ya kamata, da mun ɗauki majinyacin a matsayin wanda jinkirin mako guda ma yake da tsada a kansa, da kuma mun matsa a kan awon CEA duk wata uku.

Bakteriyar hanji ma tana da hannu. Fusobacterium nucleatum, wadda mazauninta na asali baki ne, ana yawan samunta cikin ƙarin hanji, kuma a 2017 masu bincike a Boston suka same ta a ƙarin da ya yaɗu zuwa hanta, iri ɗaya da ta ƙarin farko, alamar cewa tare suka yi tafiyar. A ɓeraye, metronidazole ya rage ta ya kuma rage girman ƙarin. Wannan shi ne Flagyl ɗin da majinyacinmu ya yi ta sha daga kemis, kuma labarinsa kaɗai ya isa ya nuna cewa sakamakon ɓera ba takardar magani ba ce: abin da Flagyl ya yi masa shi ne ya lafar da gudawa ya ƙara masa watannin jinkiri.

Makonni biyar na kumburi, watanni biyu na koko

Nan ne lamarin wannan majinyaci ya fi koyarwa. Tiyata kowace iri rauni ce, kuma jiki yana amsa rauni da sinadaran gyara, masu tsirar da sababbin jijiyoyi da tayar da ƙwayoyin saƙa, yayin da ƙarfin ƙwayoyin da ke farautar daji yake raguwa na wasu kwanaki. A tiyatar da ta tafi lafiya wannan yanayi gajere ne. Idan ɗinki ya saki, ƙazanta ta zuba, sai ya zama gobara ta makonni, kuma duk gubar bakteriya da sinadaran kumburi da ke tashi daga cikin ciki ta jijiyar nan guda suke bi su sauka a hanta, inda irin yake kwance. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nutirofil, idan suka gamu da cuta mai tsanani, sukan fesar da zaren cikinsu kamar taru don su kama bakteriya, kuma gwaje-gwaje a ɓeraye sun nuna cewa tarun nan yana kama ƙwayoyin daji a hanta ya taimaka musu su kafu, har ma yana iya tayar da waɗanda suke barci. A ɓangaren mutane, nazarce-nazarce da dama da aka tattara sun nuna cewa waɗanda ɗinkin hanjinsu ya saki sun fi fuskantar dawowar ciwon da gajeruwar rayuwa. Majinyaci guda ba ya zama hujja a kimiyya, amma jerin abubuwan da suka faru da shi ya dace da abin da aka sani sarai.

Sai yunwa ta ɗora nata. Garkuwar jiki da furotin ake gina ta, haka ma naman da zai rufe ciwo, haka ma jinin da zai ɗauki kemo. An daɗe da sanin cewa majinyacin dajin hanji da albumin ɗinsa ya yi ƙasa, alamun kumburi a jininsa suka yi sama, tsokar jikinsa ta zube, ya fi saurin rasa ransa ko da matakin ciwonsu ɗaya da wani. Hana shi kifi bai hana dajin abinci ba, domin daji yana ɗibar rabonsa daga tsokar mai shi ko ya ci ko bai ci ba. Abin da hanin ya yi shi ne ya hana ciwon rufewa, rashin rufewar ya jinkirta kemo, kemo kuwa aikinsa bayan tiyata shi ne kashe ƙananan irin da ido ba ya gani tun ba su yi saiwa ba. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya haɗa bincike da dama, ya ƙiyasta cewa kowane jinkirin mako huɗu yana rage damar rayuwa da kusan kashi 14 cikin 100 idan aka kwatanta da wanda aka fara wa a kan lokaci. Namu ya makara da mako bakwai a kan iyakar da aka saba bi. Ban ga laifin matarsa ba, domin abin da ta gada ta yi, kuma da ƙauna ta yi shi. Takardar sallamar da muka ba su ta lissafa magunguna da ranar dawowa, ba ta ce komai a kan abinci ba.

Amsar da aka ba yayansa

Na ce masa, "Alhaji, wuƙa ba ta kai ciwon hanta ba, ya riga ya tafi tun yana shan maganin basir. Da ba a yi aikin ba, da bai kai mako guda ba, domin hanjin da ya toshe fashewa yake yi." Na kuma gaya masa cewa maganar mutanen gari ba ta rasa tushe gaba ɗaya ba, tunda wahalar da jiki ya sha bayan aikin tana iya zama ruwan da ya tayar da irin. Inda maganar take kuskure shi ne darasin da ake ɗauka daga gare ta. Mutane suna ganin wanda aka yi wa aiki a makare ya rasu bayan shekara, sai su ce ƙarfe ne, sai na gaba ya ƙi zuwa har sai hanjinsa ya toshe, a yi masa aikin gaggawa a jikin da ya riga ya ƙare, shi ma ya bi sahu, maganar ta ƙara samun shaida. Aikin da aka shirya, aka gyara jini da abinci kafin a shiga, aka yi shi a hanjin da bai kumbura ba, haɗarin sakin ɗinkinsa ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Akwai shaida mai ƙarfi cewa gyara jikin yana sauya sakamako. A 2025 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a kan mutum 889 da aka yi wa tiyatar dajin hanji suka gama kemo, akasarinsu a Kanada da Ostareliya, inda aka haɗa rabinsu da mai horarwa na shekara uku don motsa jiki, galibi tafiya da sauri, rabin kuma aka ba su takardun shawara kawai. Bayan shekara biyar, kusan 80 cikin 100 na masu motsa jikin suna raye babu ciwon, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan 74. Tafiyar ƙafa ba ta taɓa ƙwayar daji kai tsaye, jikin da take zaune a ciki take sauyawa. Manomin fadama ba ya buƙatar a koya masa motsi, abin da yake buƙata shi ne a mayar masa da ƙarfin da zai koma yinsa, kada a kwantar da shi a ɗaki wata da watanni da sunan jinya.

Bayan dawowar ciwon an duba ko za a iya yanke ɓangaren hantar, domin cikin waɗanda aka zaɓa da kyau aka yi wa haka, kusan huɗu zuwa biyar cikin goma suna kai shekara biyar. Nasa ya bazu a ɓangarori biyu, ɗaya kuma yana manne da babbar jijiya, ga cutar hanta da ta rage ƙarfin abin da zai saura, saboda haka aka ajiye wannan shawara. An kuma aika tsokar farko a duba ko tana cikin nau'in da na'urar cikin ƙwayar halitta mai gyaran kurakuran gado ta lalace a cikinsa, wanda garkuwar jiki ke saurin ganewa kuma magungunan zaburar da garkuwa irin su pembrolizumab ke yi wa aiki sosai. Dalilin dubawar yana da ƙarfi a nan gida, domin binciken da Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na Ile-Ife ya yi tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta New York, wanda aka buga a 2021, ya sami wannan nau'i a kusan 28 cikin 100 na majinyatan Najeriya, ninki biyu na abin da aka gani a wani babban rukunin bayanai na Amurka, ya kuma nuna cewa namu sun fi ƙarancin shekaru kuma ciwon ya fi kama su a dubura. Sakamakon majinyacinmu ya dawo cewa ba ya cikin wannan nau'i, abin da ya dace da ƙarancin mayaƙan da aka gani a gefen ƙarinsa tun farko.

A lokacin rubuta wannan nazari yana karɓar wani haɗin kemo na daban mai irinotecan don rage girman ƙarin da tsawaita kwana, yana shan ruwan mofin don ciwo, yana ci gaba da maganin cutar hanta. An zauna da matarsa da surukarsa an yi maganar abinci dalla-dalla, yanzu yana cin kifi da ƙwai da wake da nono, nauyinsa ya ɗan ƙaru, kuma yana zuwa masallaci da jakarsa a ƙarƙashin riga bayan limamin ƙauyen ya yi masa bayani. An shawarci 'yan uwansa na jini da 'ya'yansa su yi gwajin leƙa hanji da na'ura mai kyamara daga shekara 40, tunda ciwon ya kama ɗan uwansu kafin ya kai 60, kuma duk wanda ya ga jini a bayan gida kada ya jira shekarun su cika. An gwada mutanen gidan cutar hanta, aka yi wa waɗanda ba su da ita rigakafi. Yayan, mai shekara 58, ya je gwajin bayan ya sayar da buhu shida na shanshera, aka sami ƙananan tsiro biyu a hanjinsa aka cire su nan take, gwajin tsoka kuma ya nuna ba su riga sun zama daji ba.